Wa Ke Cinye Rubutun Fensir?

Ranar da Baba Kar-ka-taɓa ya sha kunya, a gaban shugaban ofis ya sa mai shara ta zazzage jakarta a kan tebur. Abin goge fensir yake nema. Me ya faɗo? Allura da zare, sai hoton jikarta.

Shekara ashirin da shida Baba yana tsaron ɗakin tsofaffin takardu, kuma bakinsa ne ya raɗa masa sunan. Mutum ne da ko ƙuda ya sauka a kan fayil sai ya tambayi wanda ya aiko shi. A gida ma haka yake. Matarsa ta ce har zare yake ɗaura wa murfin akwatinsa, wai don ya gane in an buɗe.

Rigimar duk a kan wata tsohuwar taswira ce, wadda wani mai awon fili da ya daɗe da rasuwa ya yi wa rubutu da fensir a gefe. Baba ya saka ta cikin sabuwar leda mai sheƙi don kar hannu ya taɓa ta. Kullum da safe sai ya goge ledar da hannun rigarsa har ta yi ƙyalli. Sai rubutun ya fara dusashewa. Shugaba ya ce ko ya gano mai yin ɓarnar, ko ya ajiye makullai.

Baba ya zargi masinja, ya zargi direba, ya ƙare a kan mai shara.

Mai sharar ta tattara kayanta, sannan ta ɗaga taswirar wajen taga. Ga baƙin fensir nan manne a cikin ledar kamar inuwa.

"Baba, leda in an goge ta, ba ka ga har gashin hannu take ja ba? Wa ke goge wannan kullum?"

Baba ya kalli hannun rigarsa.

Makullai dai sun tsira, bayan ya ba ta haƙuri sau uku yana kallon silin. Yanzu duk takarda mai fensir cikin farar takarda yake kwantar da ita.

Da yamma maƙwabcinsa ya leƙo ta katanga. "Baba, an ce an kama ɓarawon?"

"An kama," in ji Baba. "Shekara nawa ina ce muku kar a yarda da kowa a ɗakin nan? Ka taɓa jin na ce ban da ni?"