Zobba Uku Daga Sarƙar Awo

Duk wanda ya zauna ɗaki ɗaya da Ɗalhatu a unguwar Old Airport ta birnin Doha ya san shi da hali biyu. Ba ya yar da abu, kuma ba ya iya hirar minti goma bai sako zancen ruwa ba. Fanka ta mutu, Ɗalhatu ya kwance ta ya tashe ta. Butar shayi ta tsinke a hannu, ya ɗaure ta da waya ta ƙara shekara biyu. Abokan zamansa sukan ce ko fatar ayaba sai ya juya ta sau biyu kafin ya yarda ta gama aiki.

Mutumin Yawuri ne, ɗan masunta, a cikin kwale-kwale ya yi wayo. Da ya zo Doha kuwa sai rabo ya ajiye shi a ƙofar wani bene a Al Mirqab, ya yi shekara huɗu yana gadi, teku na nan kusa amma sai dai ya jiyo ƙamshinsa idan iska ta juyo. Abin ya dame shi ƙwarai, bai kuma ɓoye ba. Ranar da wani ƙaramin kamfanin awon teku ya ɗauke shi aikin jirgi, bayan an sha fama kafin tsohon kafil ɗinsa, wato ubangidan da bizarsa ke hannunsa, ya sake shi, sai da ya dafa wa ɗakinsu duka shinkafa da kifi.

Aikin kamfanin shi ne auna zurfin ruwa a hanyar da jirage ke bi. A ƙarƙashin jirginsu akwai na'urar da ake kira sona, tana aika sauti ƙasa, ya bugi ƙasan teku ya dawo, daga tsawon lokacin da ya ɗauka a san zurfin wurin. To amma na'ura ma sai an bincike ta. Kowace safiya Ɗalhatu kan zura wani faifan ƙarfe cikin ruwa da sarƙa mai alama a kowace mita. Idan ya ce mita biyar, sai injiniya ya daidaita na'urar har ita ma ta ce biyar. Wato kafin a yarda da na'urar miliyoyi, sai an yarda da sarƙar Ɗalhatu. Wannan ya fi komai yi masa daɗi.

Bayan Babbar Sallah, ranar da aka koma aiki, ya lura zobba uku na sarƙar, can kusa da faifan, gishiri ya cinye su saura ƙiris su tsinke. Da wani ne, da ya je ofis ya cike takarda a sayo sabuwa. Ɗalhatu kuwa ya ga me zai kai shi wannan dogon zance a kan abin da guduma za ta gama. Ya cire zobban uku, ya haɗe sarƙar tsaf, ya shafa mata mai, ya koma aikinsa yana jin ya kyauta.

Mako biyar aka yi ana awo da ita.

A ofishin kamfanin da ke Mushairib akwai Haulat, 'yar Zariya mai karatun digiri na biyu, wadda ke zuwa kwana uku a mako tana tace alƙaluman da jirgin ya kawo. Ɗalhatu ne ke kai mata su duk Alhamis, ita kuma takan tsare shi da hira don ta huta da Turanci. Wata Alhamis ya same ta ta yi tagumi. Ta ce awon bana ya ƙi haɗuwa da na bara. Da farko ta gano rabin matsalar: ruwan bazara a nan zafi ne da shi ga gishiri, sauti ya fi gudu a cikinsa, amma an bar na'urar da lissafin gudun lokacin sanyi. Ta sa gudun da ya dace ta sake lissafin komai, kwana shida tana yi, kuskuren da ke ƙaruwa da zurfi ya tafi. Sai dai wani ya rage, ya ƙi motsi. A wuri mai zurfi da marar zurfi duk ɗaya, ƙasan teku ya yi ƙasa da kusan taƙi guda.

Ya tambaye ta, a hankali, ko taƙi guda wani abu ne a cikin teku. Ta ce ga jirgin da ya yi lodi ya shigo lokacin da ruwa ya janye, taƙi guda shi ne tsakanin wucewa da gogar dutse, musamman da yake kuskuren yana nuna zurfin da babu shi. Kowa a ofis ya ɗora laifin a kan na'urar, har ana shirin aika ta gyara. Ita dai abin da take buƙata biyu ne: girman kuskuren daidai, da ranar da ya fara. In babu su, sai dai ta yi hasashe ta sa hannu.

Ɗalhatu ya sauko daga benen. Tun kafin ya kai tashar jirgin ƙasa ya gama lissafinsa, don zobba uku taƙi guda ne, ko makaho ya shafa zai faɗa.

Babu wanda ya zarge shi, babu kuma mai niyyar duba sarƙa. Yana iya maida zobba uku a ɓoye, magana ta mutu. Ya kuma san manajan kamfanin, mutum ne da ke yafe makara amma ba ya yafe taɓa kayan awo. Juma'a da Asabar ya yi su kamar marar lafiya, ko fankar da aka ajiye masa ya gyara bai kalla ba. Tsoron komawa tudu ya kama shi sosai. Amma ya taɓa ganin jirgin kasuwa ya hau dutse a kogin Kwara, ya san yadda mutane ke yi a cikin ruwa idan katako ya buɗe.

Ranar Lahadi da safe ya naɗe sarƙar a buhu ya hau da ita bene na shida, ya shimfiɗa ta a gaban teburin Haulat.

"Malama, ba na'ura ba ce. Ni ne. Na rage zobba uku ranar da muka dawo daga hutun Sallah."

Ta dube shi, ta dubi sarƙar. Ta ɗauko tef ɗin awo ta durƙusa ta auna daga faifan zuwa alamar farko. Santimita tamanin da biyu, maimakon ɗari. Ta zauna ta cire sha takwas daga duk awon da aka yi tun daga waccan ranar, ta bar na gabaninta yadda yake. Kafin azahar layin bana ya kwanta a kan na bara kamar an shimfiɗa tabarma a kan tabarma.

"Malam Ɗalhatu, dole in rubuta dalili a rahoto," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Rubuta da sunana," ya ce. "Kada a ce na'urar mutane ta yi ƙarya."

Ta roƙar masa manaja iya roƙo. Manajan ya saurara har ƙarshe, ya yi wa Ɗalhatu godiya da bakinsa, sannan ya ce halas, wato magana ta ƙare, ba zai kore shi ba, amma wanda ya taɓa kayan awo ba izini ba ya sake hawa jirgin. Tunda yana da lasin, sai ya riƙe motar kamfani.

Yanzu shekara guda ke nan. Kullum da sassafe Ɗalhatu ke kwaso ma'aikatan ya kai su bakin ruwa, ya taya su sauke kaya, har da sabuwar sarƙar da aka sayo. Aikinsa ya ƙare a nan, yana iya juya mota ya tafi. Amma ba ya tafiya. Yakan tsaya har kyaftin ya tada inji ya ce yalla, a tafi, sannan ya sunkuya ya kwance igiyar da ta ɗaure jirgin da hannunsa, ya naɗe ta yadda ake naɗewa a Yawuri, ya jefa musu cikin jirgin.