Sunana a Bakin Inna

Ni 'yar fari ce, kuma sunan kakata ta wajen uba aka sa mini. Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu na Tudun Wada ya san nauyin wannan: kunya biyu ce ta hau kan Inna a kaina, ta 'yar fari da ta suruka. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kira ni da suna ba. Ko laƙabin da 'yan gida suka maƙala mini ba ta faɗa. In tana nemana sai ta ce da ƙanena, "Kira mini yayarku." In babu kowa kusa sai ta yi gyaran murya ta ce "Ke," ni kuwa ko ina can wajen wanke-wanke na san wannan kiran nawa ne, ba na ƙanwata ba.

Rashin kiran sunan bai taɓa damuna ba. Matar da ke ajiye mini ƙanzo a ƙasan tukunya ta ce wai mantawa ta yi ba ta kankare ba, ai ba sai an yi mini bayani ba. Abin da ya dame ni daban ne. Har na gama firamare Inna ba ta taɓa taka makarantarmu saboda ni ba. Ranar ba da kyauta Baba ne, ranar taron iyaye Baba ne, in ba ya gari kuma babu kowa. Ina ganin uwayen wasu sun jeru a benci suna fifita da gefen mayafi, in ji ina ma a ce tawa tana cikinsu. Ba na son ta yi magana, ba na son ta tafa mini. Ta zauna kawai, in waiga in gan ta.

Shekarar da na shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, wata makarantar kuɗi ce a nan unguwarmu, aka yi sabuwar shugaba. Ta dawo daga wani kwas a Abuja, kanta cike da sababbin dabaru, ta ce bana ba za a fara karatu ba sai an yi makon sanin juna. Gaskiya na ji daɗin makon, ba zan yi mata ƙarya ba ko da ina jin haushinta. An rataya wa kowannenmu kwali a wuya ɗauke da sunansa. An zagaya da mu ajujuwa da ɗakin karatu da wani ɗakin kwamfuta da aka hana mu taɓa komai a cikinsa. An raba mu gida-gida, ja da kore da shuɗi da rawaya, muka yi jan igiya a filin da ruwan ƙarshen damina ya mayar taɓo, muka koma gida kamar masu kwaɓar ƙasa. Kowane aji ya dasa darbejiya a jikin katanga, tamu awaki suka cinye ta kafin sati ya zagayo. A nan na yi ƙawa, wata 'yar unguwar Hanwa mai surutu, uwarta ma'aikaciyar jinya ce.

Ranar ƙarshe aka ware wa iyaye, aka kuma ce mata aka fi so su zo. Baba direba ne, ya yi lodi zuwa Kudu. Na riga na sa a raina babu mai zuwa, sai kakata da kanta, mai sunan, ta leƙo daga ɗakinta ta ce da Inna, "Ke ki shirya ki raka ta mana. Kowa da uwarsa, ita sai a bar ta kamar marainiya? Ni na sa ki." Inna ta sunkuyar da kai. Amma da safe na ga ta fito da atamfar da take ɓoyo a ƙasan akwati, ta goge ta da dutsen guga na gawayi har sau biyu.

A hanya ba mu jera ba. Ina gaba tana baya, kamar kowa harkarsa ta fito da shi. Ni dai ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, janareta na ta ƙugi a bayan ofis. Wata maƙwabciyarmu, wadda ɗanta ke aji biyu, ta jawo Inna suka zauna a layin gaba. Aka raba zoɓo da cincin. 'Yan manyan aji suka yi wasan kwaikwayo na wani ɗalibi mai barci a aji, na waiga na ga Inna ta rufe baki da mayafi tana dariya har kafaɗarta na rawa. Da na kai musu ruwa na ji tana ce wa maƙwabciyar, "Ashe haka wurin yake da kyau. In ana irin wannan ai sai mutum ya riƙa leƙowa." Na koma wurin zamana ina ji kamar an ba ni duniya.

Sai shugaba ta karɓi makirfo. Ta ce yanzu an zo babban abin da ya tara mu. Kowace uwa ta 'yan aji ɗaya za ta fito, ta kira cikakken sunan ɗanta ko 'yarta da ƙarfi, ta faɗi abu ɗaya da take so game da shi, sannan ta rungume shi a gaban kowa. Wai ta haka makaranta da gida za su zama iyali guda.

Nan take na shiga duban hanyar fita. Ba ni kaɗai ba. Na ga mata biyu ko uku sun miƙe sum-sum, wannan ta ɗauki buta, waccan ta kara waya a kunne alhali ba a kira ta ba, suka sulale ta bayan rumfa. Inna tana layin gaba, kujeru sun tare ta ta ko'ina, ba ta da hanyar fita.

Uwar ƙawata ce ta fara. Ta kira sunan 'yarta har da na kakanni, ta ce tana son ta don ba ta ƙarya, ta ɗaga ta sama cak. Aka yi tafi, ni ma na tafa, abin ya yi kyau a wurinsu. 'Yar autarta ce, me zai hana ta? Wasu suka biyo baya, masu dariya da masu noƙewa. Ina ta addu'a a zuci Allah ya kawo ruwan sama ko man janareta ya ƙare. Babu wanda ya faru. Aka jawo ni tsakiyar fili, aka ce uwar wannan ta fito.

Inna ta fito a hankali, ta tsaya nesa da ni, idonta a ƙasa. Shugaba ta kai mata makirfo baki.

"Bismillah, Mama. Wace ce wannan kyakkyawar?"

Inna ta kau da kai daga makirfon. Can ta ce, "Yayarsu ce."

Aka kwashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, dariyar waɗanda suka gane ce, kuma da shugaba ta so, nan ne wurin da za ta yi dariyar ita ma ta sallame mu. Amma ta ce, "Yayar su wa? Suna muke so. Ga shi ma a rubuce a wuyanta, ko in karanta miki ki maimaita?"

Akwai wata tsohuwar malama mai koyar da lissafi, Bahaushiya Kirista, wadda ta koyar da rabin iyayen da ke wurin. Ta taso ta matsa kusa, ta yi ƙasa da murya, amma makirfo ya ɗauka. "Hajiya, 'yar fari ce fa. Kuma ina jin sunan surukarta ne. A bar ta haka, a wuce."

"Malama, ai saboda irin wannan na shirya abin," in ji shugaba. Ta juya ga jama'a. "Kun gani ko? Wannan ita ce matsalarmu. Yaro ya tashi bai taɓa jin uwarsa ta kira sunansa ba, sannan mu ce me ya sa yaranmu ba su da ƙwarin gwiwa. Dubi yarinyar nan yadda ta tsaya kamar za ta yi kuka. Yau sai mun karya wannan abu. Ku taya Mama da tafi!"

Kukan da nake shirin yi ba na abin da ta faɗa ba ne. Amma wa ya tambaye ni? Aka fara tafi a jere, ɗalibai na buga ƙafa. Inna ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta cika yi a gaban mutane ba, ta ga hawaye a fuskata. Na tabbata ta ɗauka maganar matar gaskiya ce, cewa ita ce ta sa ni kuka. Ta faɗi sunan.

Ƙasa-ƙasa ya fito, lasifika kuma ta ɗauke shi ta watsa har bakin titi. Wurin ya ɓarke da shewa. Shugaba ta tura ni jikin Inna. Inna ta riƙe ni, ta cusa fuskarta a hijabina ta ce a kunnena, "Tsaya haka, kar ki matsa. Kar su ga fuskata." Na tsaya ƙyam. Mai hoto ya zagayo ya ɗauka.

Inna ba ta jira an tashi ba. Kafin in iso gida labari ya riga ni, don maƙwabciyarmu ba ta iya riƙe magana ko ta minti ɗaya. Kakata ba ta yi faɗa ba, cewa ta yi, "Ni na tura ta, laifina ne, Allah ya isa tsakanina da mai makirfo." Amma Inna ta daɗe ba ta iya shiga ɗakin tsohuwar gaisuwa ba, daga bakin ƙofa take durƙusawa. Matan unguwa kuwa suka samu abin tsokana. A gidan suna, a wajen niƙa, sai wata ta ce, "A'a, ga 'yan boko, masu kiran suruka a lasifika." Wasa suke yi. Ita ba ta ɗauke shi wasa ba.

Abin da har yau yake tafasa mini zuciya shi ne, shugabar nan ta sani. Da baƙuwa ce daga wata ƙasa da na yi mata uzuri. Haifaffiyar cikin birni ce, an san gidansu, an san uwarta, kuma na tabbata su ma a gidansu ana yi wa wani irin wannan kunyar. Idan tana ganin al'adar ba ta da amfani, to, ra'ayinta ne, ni kaina yau ina kiran ɗana na fari da sunansa kuma ban ga abin da ya ragu a jikina ba. Amma ni na zaɓa. Ita kuwa ta samu mace mai kawaici, wadda ba za ta iya ce mata a'a a gaban jama'a ba, ta yi darasi da ita. Ta zo haɗa iyali, ba ta tambayi iyalin yadda suke a haɗe ba tun kafin ta zo.

Bayan 'yan makonni na zo makaranta na tarar da wani ƙaton allon talla a saman ƙofa. Ni ce da Inna, a rungume, an rubuta a ƙasa cewa a nan ake haɗa zukatan iyaye da 'ya'ya. Duk mai tafiya kasuwar Tudun Wada daga layinmu sai ya bi ta gabansa. Inna ta canja hanya, ta koma zagayawa ta wani lungu mai kwata, rani da damina. Da Baba ya dawo ya je ya roƙi a sauke, shugaba ta ce masa ai karramawa ce, iyaye nawa ke neman a sa su ba su samu ba. Haka allon ya zauna har rana da ruwa suka cinye hotonmu. Kullum ta ƙarƙashinsa nake shiga aji.

Inna ba ta sake taka makarantar ba. Na ci gasar muhawara, ba ta zo ba. Aka ba ni shugabar ɗalibai mata, ba ta zo ba. Ban taɓa roƙonta ba, don na san abin da zan sa ta tuna.

Ranar bikin gama makaranta na hau dandamali karɓar kyauta, Baba na can baya shi kaɗai cikin maza. Shugaba tana nan, ta ƙara ƙiba da gilashi. Ta miƙo mini kyautar, ta riƙe hannuna don mai hoto, ta ce tana murmushi, "Ina mamanki? Yau ma ba ta zo ba? Wasu iyayen dai sai addu'a, ko sau ɗaya ba za su zo su ga abin da 'ya'yansu ke yi ba."

Na zare hannuna daga nata. Na ce, "Ta zo sau ɗaya, Hajiya."

Ta ɗan karkata kai tana tunani, na ga alamar ko tunawa ba ta yi ba. Sai ta juya ta kira suna na gaba.