Yauɗo, Ƙanen Riɗi

Ƙamshin miyar yauɗo ne ya shigo mini daga gidan maƙwabta, sai na tsinci kaina a gonarmu ta Lahodu, tsakiyar damina, ina bayan kakata tana duƙe tsakanin kunyoyin gero tana tsinkar ganye.

Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata. Ba ta san ko baƙi ɗaya na karatu ba, amma babu hakin da ba ta san sunansa da danginsa ba. Takan tsinko furen yauɗo, ta jera shi da na riɗi a tafin hannuna.

"Duba bakinsu da kyau," in ji ta. "Wanga ƙanen wanga na. Uwa guda, uba guda."

Na girma, na tafi makarantar koyon aikin gona. A can aka koya mana cewa masana sun raba tsirrai gida-gida, kuma yauɗo ba gidansu ɗaya da riɗi ba. Nasa gidan ƙarami ne, 'yan tsirrai kaɗan, an ware su saboda ƙahonni biyu da ke kan kwansonsu. Sunan gidan ma daga ƙahon aka ciro shi.

Wata shekara da kaka na zo hutu da abokan karatuna biyu. Muna zaune a tsakar gida kakata ta kawo mana tuwo, ta fara yi musu bayanin nan nata. Kunya ta kama ni. Na yi dariya na ce, "Kaka, wannan zancen ƙauye ne. Littafi ya ce ba su haɗa komai ba."

Ta dube ni. "Mi littahin yag gani?"

"Ƙaho."

"Ƙaho ɗai?" Ta ɗauki kwanonta ta shige ɗaki.

Ba ta yi mini faɗa ba. Sai dai daga ranar, in na tambaye ta sunan wani haki, sai ta ce, "Ku ka da littahi." Na ɗauka fushin tsufa ne, zai wuce. Damina biyu bayan haka muka kai ta makwancinta.

Ina aiki a gonakin rani na Goronyo wani abokin aikina ya nuna mini a wayarsa cewa masanan sun sake bincike, sun rushe ƙaramin gidan, sun mayar da yauɗo cikin dangin riɗi. Na karanta sau uku. Na koma gindin injin ban ruwa na zauna.

Yanzu maganin feshi ya share yawancin hakukuwan gonarmu. Kwanan baya 'yata ta tsinko wani mai shuɗin fure a bakin kwalbati, ta ce, "Baba, mi sunan wanga?" Na san shi sarai. Na buɗe baki, sunan Latin da aka koya mana a makaranta kawai ya zo mini.