Ramukan Tsohon Sito

Kawuna bai mallaki ko taku ɗaya a babbar gonar nan ba, amma in ka ji yana cewa "sitona", sai ka rantse gadonsa ya ci. Shekara talatin da takwas yana kula da tsofaffin gine-ginenta: ɗakin niƙa da injinsa ya daɗe da yin shiru, gidan manaja mai doguwar baranda, sai kuma siton dutse da ke jingine da tudu, wanda ya girmi kakan kowa a wurin.

Mai Tsinke ake ce masa, saboda wani siririn ƙarfe da yake yawo da shi. A gindin bangon siton akwai ƙananan ramuka a jere. Kafin kowace damina sai ya bi su a durƙushe, yana zaƙulo laka da busasshen ganye. Matarsa kan ce wandunansa duk ta gwiwa suke mutuwa.

Sai aka kawo sabon manaja, mutumin kirki amma mai gaggawa. Ya ga ramuka, ya ce ƙofar ɓeraye ce. Ranar da Kawu ya tafi asibiti a duba masa ido, aka liƙe su tas da siminti.

Kawu ba mai baki ba ne. Da ya dawo ya gani, abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Ranka ya daɗe, ai ta nan yake numfashi." Manaja ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa, ya wuce. Ni kam na fi Kawu jin haushi, don na san nufinsa: ruwan da ke gangarowa daga tudu bayan bangon yake taruwa, in bai sami hanya ba, da bangon zai tafi. Kwana uku Kawu yana tura kwanon abinci gefe.

Bayan ruwa na huɗu ya yi sammako ya tsaya a barandar manaja, guduma a hannu.

"Lafiya dai, Baba?"

"Zo ka taɓa bangon, ɗana. Taɓawa kawai."

Suka shiga siton, ina biye. Manaja ya ɗora tafin hannu, ya ji bango sharkaf, har ya fara turo ciki. Kawu ya zagaya waje da manaja, ya durƙusa, ya buge simintin rami ɗaya. Jan ruwa ya tsarto, ya wanke wa manaja takalmi har da safa.

Na zaci Kawu zai ce ai na faɗa. Ina! Bangon yake shafawa, idonsa ya kawo ruwa.

Manaja ya tsuguna kusa da shi cikin taɓo. "Baba, saura nawa?"

"Arba'in da ɗaya."

"To, miƙo min gudumar. Kai nuna min su kawai."