Mai Askin Gidan Yari da Amsar da Yake Riƙe da Ita

Kowace safiya Baba Aska yakan ratsa ƙofofin ƙarfe zuwa ɗakin aikinsa: kujera ɗaya, dogon benci, da tagar da kan mutum ba ya shiga. Aski iri ɗaya ne a gidan yari, ƙwal-kwabo, amma duk wanda ya zauna sai ya tambaye shi, "Wane iri za a yi, ranka ya daɗe?" Makon jiya ya ajiye aiki. Na je taya shi murna, ni da gashina ya riga shi yin ritaya.

Ya aske ɓarayi, ya aske waɗanda laifinsu kawai yawo ba sana'a, har ya ga an soke dokar yawon. Amma kai ɗaya ne ya tsaya masa a rai.

A wancan zamani, wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ya tsira, kotu ake kai shi. Haka aka kawo wani tela da masunta suka tsamo daga kogi bayan matarsa ta rasu wajen haihuwa. Ba ya magana da kowa.

"Muka ce kada aska ta kusance shi," in ji wani tsohon gandiroba da na tarar a gidan Baba. "Baba ya ce, to mu bar shi ya koma bunsuru? Shi yake aske shi, a ƙarshen layi, ba gaggawa."

Matar Baba ta ƙara da nata: "Ga rigunansa masu kyau a akwati, amma ranar askin telan nan sai ya sa wadda hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na ce, Malam, so kake a ce ba ka da mata?"

Aka daɗe a haka. Rannan telan ya ɗago kai ya ce, "Baba, wanda ya ɗinka maka wannan shi ya kamata a ɗaure." Daga nan bakinsa ya buɗe.

Ranar da za a sallame shi ya tambaya: "Idan surukata ta ce me na yi aka ɗaure ni, me zan ce?" Baba ya rasa amsa. Telan ya fita, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Shekaru suka ja. Likitoci suka yi ta cewa yunƙurin kashe kai ciwo ne, iyaye suka daina ɓoyewa, majalisa ta soke dokar hukunta shi. Da na fara yi wa Baba dogon sharhi kan wayewar zamani, sai ya katse ni: "Ɗana, abin ne ya shiga gidajen masu yin dokar."

Baba, kai ne ka ga majinyaci tun doka na ganin mai laifi. Mun gode, Allah ya saka. Mu kuma kada mu jira majalisa ta zauna kafin mu tausaya wa na kusa da mu.

Yanzu a bakin tashar mota Baba yake wuni. Ba fuskoki yake kallo ba, ƙeya yake dubawa, don ta nan ya san mutanensa. Duk wanda ya san wani tela da ba ya son a yi maganar kogi, don Allah ya gaya masa Baba Aska ya samo amsar: bai yi komai ba.