Gidan Burodinmu a Bakin Binuwai

Shekarar da aka samu mulkin kai ina da aure da 'ya ɗaya, hannuwana kuma sun rine da shuni har gwiwar hannu. Mahaifinmu marini ne a Jimeta, sana'ar da kakanmu ya zo da ita daga Kano. Mu biyu ne 'ya'yansa, ni da yayata, wadda nake kira Adda kamar yadda ake kiran yaya mace a nan. Mijinta ya rasu, ta dawo gida da yara biyu tana tuyar ƙosai.

A zamanin nan rayuwar Jimeta duk a bakin kogi take. Da damina ta yi nisa Binuwai ya cika, sai a wayi gari a ji jiniyar jirgin farko daga yamma. Mai aski ya bar kai rabi, mai ɗinki ya tsayar da keke, mata su leƙo ta saman zana, kowa ya nufi gaɓa. Jiragen sukan zo da gishiri da kananzir da kwanon rufi da sukari da atamfa, su koma da gyaɗa da auduga da fatu. 'Yan dako na hawa da sauka a kan katako suna waƙa da Hausa da Fulatanci da Bacamanci. Wata uku ko huɗu ake wannan hidima, amma abin da aka samu a ciki shi ke riƙe garin har wata daminar.

Adda ce ta fara lura cewa 'yan dako sun rage sayen ƙosanta. Ta bi sawu ta gano inda suke zuwa. Wani ɗan ƙabilar Ibo ne, wanda kowa ke kira Oga, ya gina tanderu a bayan kantunan kamfanin Turawa yana gasa burodi da fulawar da jirgi ke kawowa. Ta je ta same shi don ta sara. Hausarsa ba ta bambanta mace da namiji, sai ya yi ta ce mata "kai", ita kuma tana ƙunshe dariya. Ya gaya mata abokin aikinsa ya koma gida, yana neman mai ƙarfin hannu da zai shiga aikin tare da shi a raba riba. Ko gida ba ta tsaya ba, marina ta wuce ta same ni a bakin karofi, inda ramukan rininmu suke.

"Wanke hannunka ka zo mu je," ta ce. "Kana nan kana juya shuni, mutane suna can suna sayen atamfa."

Gaskiya ta faɗa. Tun da atamfa ta yi araha, sai tsofaffi kaɗai ke kawo mana rini. Sati guda na yi ina goge hannu da toka da lemon tsami kafin Oga ya yarda in taɓa ƙullu. Baba kuwa ya yi fushi, ya ce ba zai sa abin da ke kumbura da kansa a bakinsa ba.

Ba zan manta ranar da na fara fitar da burodin da na kwaɓa da kaina ba. Na jawo faranti da doguwar sanda, ƙamshi ya buge ni, ga su jere sun yi ja sun tashi. Na ɗauki ɗaya da zafinsa ina jefa shi daga hannu zuwa hannu, na ruga har gida a guje kamar ba magidanci ba, na ajiye wa matata a cinya.

Daga nan abu ya buɗe. Adda ta bar ƙosai ta kafa tebur na shayi a bakin gaɓa, ita ce mace ta farko da na gani a wannan sana'a. Ni kuma na sayi keke, na ɗaura akwatin katako a baya, na ce zan kai burodi cikin garin Yola. Oga ya ce kada in wahalar da kaina, mutanen Yola ba sa barin kunun gyaɗarsu. Kwana uku ina ratsa fadama da safe ina dawowa da kayana kusan yadda na tafi da su. A rana ta huɗu wani dattijon malami ya sa aka kira ni zaurensa. Ya ce ya ji ana cewa da giya muke kwaɓa shi. Na rantse ba haka ba ne, washegari na kawo masa yis a takarda, wato garin da ke sa ƙullu ya tashi, muka kwaɓa ɗan ƙullu a ƙwarya a gabansa, aka rufe. Muka zauna yana karantar da ɗalibansa yana satar kallon ƙwaryar. Da aka buɗe ya ga ya cika ta, ya shinshina, sannan ya ce ai wannan da tsamin ƙullun masa duk ɗaya ne. Ya gutsuri burodi ya tsoma a madara ya ci a gaban jama'a. Kafin sati ya zagayo akwatina ba ya isa Yola da saura, tun a hanya ake tare ni.

Shekarun da suka biyo baya sai ka ce kowa ya sha wani abu. Muka cire jinkar gidanmu muka buga kwano. Na sayi rediyo, maƙwabta na taruwa bayan la'asar su ji labarai. Matata ta sami keken ɗinki. Adda ta shiga ajin yaƙi da jahilci, ta dawo tana karanta rubutun da ke jikin buhun fulawa da ƙarfi don mu ji. Wajen Demsawo, inda muka sani da gonakin dawa, aka fara yanka filaye ana gini. Har Baba ya sauko. Wata safiya na shigo na tarar da shi da kofin shayi yana tsoma burodi, ya ɗago ya ce haƙoransa ne suka yi rauni, kada in ɗauka wani abu ne.

Kawunmu, ƙanin mahaifiyarmu, manomi ne a Namtari, shi ke kawo mana itacen tanderu a kan jakuna. Kullum ya zo sai ya tsaya ya daɗe yana kallon gaɓa. Da farko ya daina shuka dawa ya mayar da gonarsa duka gyaɗa, saboda ita kamfani ke saya. Daga baya 'ya'yansa maza uku suka taho Jimeta dako, suka ce abin da suke samu a wata guda ya fi na shekara a gona. Ƙarshe shi ma ya tattaro ya kama ɗaki kusa da mu. Ba shi kaɗai ba ne, haka aka yi ta kwararowa daga ƙauyuka, mu kuwa muna murna don masu cin burodi sun ƙaru. Ranar da Kawu ya sauke kayansa, Baba ya dube shi ya ce:

"To, kowa ya dawo bakin kogi yana jiran jirgi. Wa ya rage a can da zai noma abin da jirgin zai ɗauka?"

Dariya muka yi masa, har da Kawun.

Sai ƙasa ta rikice. Wata rana da hantsi Oga ya zo da iyalinsa da ƙullin kaya, ya ce 'yan uwansa duk suna tafiya, shi ma ba zai iya zama ba. Ya miƙa mini mabuɗin gidan burodi. Adda ta cika wa matarsa jaka da burodi da soyayyar gyaɗa, muka raka su har inda suka sami mota. Da damina ta zagayo yaƙin basasa ya riga ya rufe hanyar ruwa. Kogi ya cika maƙil yadda ya saba, muna fita muna dubawa, babu jiniya. Fulawar da ke kanti ta ƙare. Ko da akwai ta ma, masu saye sun watse, don babu dako. Na share tanderu na toshe bakinsa da tubali.

A lokacin yaƙi kaɗai muke ɗora wa laifi, muna cewa da ya ƙare komai zai dawo. Ya ƙare, jirgi ya zo kuwa, ranar har guɗa aka yi a gaɓa. Amma ɗaya-ɗaya suka riƙa zuwa, don kaya sun riga sun saba da bin mota. An yi jihohi, manyan ofisoshi suna Maiduguri, ma'aikata da yawa sun bi su can. Sannan ruwan sama ya yi ƙaranci shekara da shekara, kogi ya ja baya ya bar yashi, cuta kuma ta faɗa wa gyaɗa. Gari guda ya rataya a kan kogi ɗaya da gyaɗa da auduga, rumbunan dawa kuwa babu komai a cikinsu. Mu da muke da rediyo da rufin kwano, sai ga mu muna bin layin hatsi.

Namtari muka nufa, ni da Kawu da 'ya'yansa. Gonar ta zama daji, sai da muka yi sassabe kamar sabuwa. Ban taɓa riƙe fartanya ba, tafin hannuna ya yi ta fashewa, amma dawar da muka samu ita ta riƙe gidaje biyu.

Oga ya dawo sau ɗaya bayan yaƙi, ya rame har sai da ya yi magana na gane shi. Na kai shi gidan burodi na miƙa masa mabuɗi. Ya zagaya ya shafa bangon tanderu, ya ce ba zama ya zo yi ba, ya zo ne ya ga ko muna raye. Kwana biyu ya yi a gidanmu. Da zai tafi ya ce wa Adda, "Kai ne mai wayon gidan nan, kada ka bari wurin ya mutu." Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Ita ce kuwa ta ji labarin cewa ana samun fulawa a Kano. Na hau bayan babbar mota a kan buhunan fatu, muka haye fito a Numan, muka yi kwanaki a hanya, ni da ban taɓa wuce Girei ba. Da na dawo da fulawa, unguwa ta fito kallo, 'ya'yan Kawu suka ɗauke buhunan a ka suna irin waƙarsu ta da. Muka fasa tubalin, muka hura wuta, hayaƙi ya tashi, mutane suka fara leƙowa suna tambaya ko da gaske ne.

Ba mu koma yadda muke a da ba. Na riƙa yin damina a gona, rani a gaban tanderu. Adda ta ɗauke teburinta daga gaɓa ta kai tashar mota, inda direbobi ke karyawa kafin su kama hanya. Babban ɗanta a nan ya koyi tuƙi, daga baya shi ne ke kawo mana fulawa da motarsa.