Monitar Ɗan Alhaji a Cikin Kafet ɗin Masallaci

Da sunan Allah nake farawa, kuma gafararSa nake nema a kan abin da zan bayyana. Ya ku 'ya'yana matasa, ba zan ambaci sunana ba, domin ina da iyali waɗanda ba su yi laifin komai ba. Abin da ya kamata ku sani shi ne, kafin a kira ni ɓarawo, an fi shekara ashirin ana kirana Malam. Na tashi a gidan karatu a wani ƙauye na ƙasar Kano, na yi hadda tun ina saurayi, sannan na shigo birni na karanci fiƙihu da nahawu da lugga a zaurukan malamai. Allah Ya ba ni kyawun hannu a rubutun ajami, har mutane sukan zo in rubuta musu wasiƙa ko takardar ciniki.

Ina da abokin karatu mai suna Bala. Bai kai ni fahimta ba. Ni nake maimaita masa darasi idan mun tashi daga gaban malam. Bai yi nisa ba ya ajiye karatu, ya shiga sayar da bokitai da butocin roba. Shekaru suka ja, ya zama Alhaji Bala, mai masana'antar roba a Sharaɗa, ni kuwa ina gidan haya a Na'ibawa. Da ya ji halin da nake ciki, ya aika aka kira ni, ya ɗauke ni mai kula da sito, ya kuma ba ni limancin ƙaramin masallacin ma'aikata. Da kyakkyawar niyya ya yi haka. Na gode masa da harshe, amma tun daga ranar zuciyata ba ta huta ba. Duk sanda motarsa ta shigo, sai in ce a raina: wannan fa shi ne wanda ba ya iya kawo baiti biyu ba tare da na tuna masa ba.

Akwai doka a masana'antar: duk ma'aikacin da zai fita, sai an caje shi a bakin ƙofa. Mai gadin wani mutumin Nijar ne, Ilu, wanda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, har hular mutum yakan sa a cire. Ni kaɗai ne cikin ma'aikata ba ya taɓawa. Idan na zo wucewa sai ya rusuna ya ce, "Allah gafarta Malam, a wuce, a sa mu a addu'a."

Da buta guda na fara, wadda inji ya ɗan lotsa. Na ce wa kaina ai zubar da ita za a yi. Daga nan sai bokiti, sai bandir ɗin leda a ƙarƙashin babbar riga. Jahili idan ya yi sata ya san sata ya yi. Ni kuwa kowace ɗauka sai na nemo mata tawili. Na ce albashina bai kai wahalata ba, don haka haƙƙina nake karɓa. Ilimin da ya kamata ya tsare ni, shi na mayar lauyana.

Ana haka ɗan Alhaji, Nazir, ya dawo daga karatu a ƙasar waje, aka ba shi ofishin manaja. Yaro ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Wata rana aka kawo wani dogon kwali, ya biyo ta sito, na sa hannu a takardarsa. A nan idona ya faɗa kan farashin. Ya haura naira miliyan biyu. Na cire tabarau na goge, na sake dubawa.

Da aka haɗa abin a ofis, Nazir ya leƙo ya ce, "Baba Malam, ku zo ku ga wani abu."

Na shiga na tarar da gilashi mai faɗin gaske, ya kusa cinye teburin, gefunansa sun lanƙwaso kamar za su rungumi mai kallo. Na ce, "Wannan talabijin, a hanya ta tanƙware?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ba talabijin ba ce, Baba, monita ce, allon kwamfuta na wasan gem. Haka ake ƙera ta. Faɗinta kamar an haɗa biyu ne, lanƙwasar kuma don hoton ya kewaye idonka. Ku dubi yadda motar nan ke gudu, ko gezau hoton ba ya yi. Saurin nan da hasken nan su ake saye."

Na ce, "To, aikin masana'anta ake yi da ita?"

Ya ce, "Ana yi mana, kafin la'asar. Bayan la'asar kuma tseren motoci nake yi a cikinta da abokaina na Hotoro." Ya juyo ya ƙara da cewa, "Wallahi ma araha na samu, Baba."

Kalmar araha ita ta tsaya mini a rai. A lokacin 'yata ta biyu tana gida, an kasa sa ranar bikinta saboda kayan ɗaki. Na fita ina cewa Allah Ya sanya alheri, alhali ban taɓa furta addu'ar da zuciyata ta ƙi kamar wannan ba. Na koyar da babin hassada sau da yawa, na san ma'anarta da rabe-rabenta da maganinta. Duk da haka na ja sallar la'asar a ranar ina ganin motocin nan suna gudu a gabana. Ba son abin nake yi ba. Ban san ko inda ake kunna shi ba. So nake kawai ya bar hannun ɗan Bala.

Bayan wata biyu aka zo fentin ofisoshi. Aka kwance monitar daga ƙafarta, aka jingine ta a lungun da ke kusa da masallaci, aka rufa mata zani. Al'adarmu kuwa, ran Juma'a ba a sallar azahar a masallacin ma'aikata, kowa yana tafiya babban masallaci, don haka a ranar nake kai kafet wanki. Da hantsi ya yi, wuri ya yi tsit, na shimfiɗa kafet ɗin sahun gaba, na kwantar da monitar, na naɗe.

A bakin ƙofa Ilu ya taso da sauri. "Haba Malam, da girmanku? Ku kawo in ɗauka, in samu lada."

Na ce, "Bar shi, Ilu, tsaya kan aikinka. Amana aka ba ka." Shi ya tsayar mini da a-daidaita-sahu.

Na kai ta wajen wani mai sayar da kayan kwamfuta na hannu a cikin gari. Ya dube ta, ya dubi rawanina, ya ce, "Malam, ina ƙafarta? Ina wayoyinta da kwalinta?" Na ce kyauta aka ba ni haka. Ya yi murmushi. "Masu sayen irin wannan a Kano ba su da yawa. Talaka ba ya buƙatarta, mai kuɗi kuma sabuwa yake so. Dubu ɗari da hamsin, don darajar furfurarku." Na ce masa kuɗinta ya fi miliyan biyu. Ya ce, "A hannun mai ita ke nan. A hannunku fa?" Sai na sallama.

Sai ya ce in rubuta masa shaida cewa ni na sayar masa. Ya miƙo biro da takarda. Na sa sunan ƙarya, amma hannuna ya bi abin da ya saba: na rubuta da ajami, na jero sharuɗɗan ciniki yadda fiƙihu ya tsara, da yardar mai saye da mai sayarwa, har da wurin shaidu. Ko a cikin haram ban iya rubuta takarda a gurguje ba.

Da aka nemi monita aka rasa, aka duba kyamarar bakin ƙofa. Ta nuna ni da kafet a kafaɗa, aka kalla aka wuce. Aka ce ba abin da zai fita ba da sanin mai gadi ba. 'Yan sanda suka tafi da Ilu. Ya yi kwanaki a tsare, ya sha wahala, aka kore shi daga aiki, kuma ko sau ɗaya bai ambaci kafet ba, domin abin bai taɓa zuwa masa a rai ba. Ni ne na jagoranci addu'ar Allah Ya tona asirin ɓarawo, ma'aikata suna cewa amin.

An karɓi addu'ar. Wani abokin Nazir ya ga an tallata monitar a waya, lambar jikinta ta yi daidai, mai shago ya fito da takardarsa. Aka kawo wa Alhaji Bala. Ya sa aka kira ni ofis, ya sallami kowa, ya ajiye takardar a gabana.

Ya ce, "Shekara bakwai ina zaune a gefenka ina kwaikwayon wannan hannun, ban iya ba. Malam, da ka roƙe ni, me zan hana ka?"

Na ce, "Shi ya sa ban roƙa ba, Bala." Wannan ita ce gaskiya ta farko da na faɗa masa a cikin shekaru.

Kotu ta ɗaure ni shekara biyu. Kada ku zaci ƙofar gidan yari tana rufewa hassada ta fita. Watannin farko ina kwance cikin cunkoso da ƙuma, amma abin da ke cina shi ne an mayar wa Nazir da abinsa, yana can yana tsere. Sai da na yi jinya mai tsanani, wani fursuna ɗan Filato mai suna Bitrus ya riƙa ba ni kununsa, sannan na fara istigfari na gaske. Aka fasa auren 'yata ina ciki.

Da na fito, na nemi Ilu har na same shi a Zawaciki yana sayar da shayi. Na durƙusa a gabansa cikin mutane, na nemi afuwa. Ya daɗe yana juya cokali a kofi.

Ya ce, "Wahalar da na sha na yafe, Malam, aikin ma na yafe. Tambaya ɗaya gare ni, tunda ku ne masu ilimi. Shekara shida ina salla a bayanku. Sallolin nan suna nan, ko in rama?"

Na san amsar, na san abin da malamai suka ce a kan mas'alar, na sha faɗa wa ɗalibai. Amma na ga ba ni ne ya dace in ba shi fatawa ba. Sai na ce masa ya tambayi wani malamin.

Ya ku 'ya'yana, a wayoyinku kullum kuna ganin abin da wasu suka mallaka, da farashinsa a rubuce. Idan kun ji ƙirjinku ya yi zafi, ku kira abin da sunansa tun a ranar, kada ku nemo masa hujja, kuma ku yi wa mai abin addu'a ko da harshenku yana nauyi. Idan kuna da buƙata, ku buɗe baki ku roƙa. Kunyar roƙo ta yini ɗaya ce. Ni yau shekaruna sun haura sittin, na tuba, ina fatan Allah Ya karɓa. Amma idan aka tayar da salla liman bai zo ba, aka waiwayo ana neman mai furfura, sunkuyar da kai nake yi har wani ya wuce gaba.